Ɗaukaka Ƙara Bayan Ɗauri Kan Rauni Da Makami: Ta Ina Ake Farawa?

Ranar da majistare ya yanke wa ƙanina ɗaurin shekara biyu, mun fito harabar kotu mun yi jugum, Inna tana share hawaye da bakin mayafi. Rikicin iyakar gona ne, aka kaure da kokawa, lauje ya yanki damtsen maƙwabcinmu. An tuhumi ƙanina da sashe na 248 na dokar Penal Code (kundin hukunta laifuka na Arewacin Najeriya), wato ji wa mutum ciwo da makami mai haɗari. Sati biyu muka ɓata muna zarya gidan dattawa neman sulhu, ba mu san kwanakin ɗaukaka ƙara suna ta ƙarewa ba.

Saboda haka fara da ƙirga kwana. Daga kotun majistare zuwa babbar kotun jiha kwana 30 ne daga ranar hukunci. In babbar kotu ce ta ɗaure shi, kwana 90 gare ka zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara, daga can zuwa Kotun Ƙoli kuma kwana 30. In lokaci ya wuce ana iya roƙon ƙari, amma sai da rantsuwa a rubuce da dalili mai gamsarwa.

Takardar ɗaukaka ƙara a rajistarar kotun da ta yi hukuncin ake shigar da ita. Karɓi rasit ka adana. Nan take ka nemi kwafin hukunci da na duk abin da alƙali ya rubuta a zaman shari'a, a buga masa hatimi. Ka dinga leƙawa da kanka, don fayil ba ya tafiya sai ana bin sa.

Ga abin da na fi jimawa ban gane ba. Na ɗauka za mu kwashi sababbin shaidu mu sake shari'a daga farko. Lauyanmu ya buɗe fayil ya ce, "Malam, kotun sama ba ta ga faɗan ba, takarda za ta karanta. Nuna min inda alƙali ya yi kuskure." Layi-layi muka bi. Shin an bincika bayanin da ƙanina ya yi wa 'yan sanda, tunda ya ce tilasta masa aka yi? Shaidu sun saɓa wa juna kan wanda ya fara ɗaga lauje? Mene ne takardar likita ta ce game da girman raunin? A namu, ƙanina ya faɗa a gaban kotu cewa kare kansa yake yi, amma hukuncin bai ce uffan a kai ba. Wannan ya zama babban dalilinmu. Kada ka dogara da cewa ba a kawo makamin kotu ba, sau da yawa wannan kaɗai ba ya rusa hukunci.

Ana iya ƙalubalantar tsananin ɗaurin kawai. Wanda ya amsa laifi da bakinsa galibi wannan hanyar ce ta rage masa.

Beli kafin a gama sauraro yana da wuya, sai da dalili na musamman, kamar rashin lafiya mai tsanani ko ɗaurin ya yi gajartar da zai ƙare kafin a yanke hukunci. In babu kuɗin lauya, je ofishin Legal Aid Council na jiharku, hukumar da aka kafa tun 1976 domin marasa hali. Tafi da lambar shari'a, ranar hukunci, da sunan gidan gyaran halin da yake ciki.