Kana son taimaka wa 'yan pompiye a Garwa? Ga ta inda ake shiga

Tun bayan gobarar da ta tashi a layinmu cikin hunturun bara samari ke ta tare ni, wasu a bakin masallaci wasu a WhatsApp, suna cewa yaya mu ma muna so mu shiga wannan aiki, ta ina ake farawa? To na ga gara in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta, don amsar tana da ɗan tsawo, tsaye a bakin titi ba ta ƙarewa.

Abu na farko da ya kamata ka sani, 'yan pompiye, wato masu kashe gobara, a nan Kamaru sojoji ne. Suna ƙarƙashin ma'aikatar tsaro, ta konkur, wato jarrabawar shiga aiki, ake ɗaukarsu kamar sauran masu kaki, su yi horon soja sannan su yi na kashe gobara. Wanda ya ga bidiyon Faransa ko Amurka a Facebook inda mai shago ko malamin makaranta zai ajiye aikinsa ya sa hular ƙarfe ya hau jar mota, to a can haka ne, mafi yawan masu kashe gobararsu 'yan sa kai ne, amma a nan ba za ka tashi ka je barikinsu ka ce na zo a ba ni tiyo ba. In kaki kake so ka saurari sanarwar ɗaukar sojoji ka shirya takardunka. In kuwa taimakon mutane ne ya dame ka, ƙofa a buɗe take, kuma sunanta Kurus Ruj, wato Red Cross, ƙungiyar agaji mai alamar jan gicciye.

Kurus Ruj ta Kamaru tun 1960 take aiki, hedikwatarta a Yawunde, amma tana da kwamitoci a matakin depatama da arondisma, wato a Garwa da Marwa da Ngaundere da Kusiri da Yagwa duk za ka same su. Mutanenta ne waɗannan da kake gani da riga mai jan alama da barankar, wato gadon ɗaukar mai rauni, a gefen fili in ƙungiyar ƙwallo ta Coton Sport na wasa a Rumde Ajiya, ko ranar faretin 20 ga Mayu in rana ta buga ɗalibai suka fara zubewa. Sunansu sekuris, wato masu ba da taimakon farko. Ka je ofishin kwamitin da ya fi kusa da kai da ƙafarka, kar ka aika, ka ce kana so a rubuta ka a formasiyon taimakon farko mai zuwa. Ka riƙe katin ɗan ƙasa da hotuna ƙanana, ka tambayi kuɗin rajista da na katin zama mamba tun daga ranar, kuma duk abin da ka biya ka karɓi rasit. In aka ce ba a fara sabon aji ba ka bar lambarka, ka riƙa leƙawa, wanda ake ganin fuskarsa shi ake tunawa da shi ranar da aka buɗe.

Na san akwai abin da ke ran wasu ba su faɗa ba, ni ma mahaifina da na fara zuwa sai da ya zaunar da ni ya ce wannan alamar da ke jikin rigar fa? Na ce Baba, wani ɗan ƙasar Suwis ne mai suna Henry Dunant ya ga yadda aka bar sojoji masu rauni a filin yaƙin Solferino a 1859 babu mai ba su ko ruwa, shi ne aka kafa ƙungiyar a Janeba a 1863, alamar kuma tutar Suwis ce aka juya launinta, a ƙasashe irin su Saudiyya da Sudan da Aljeriya jan jinjirin wata suke sawa amma gida ɗaya ne, aiki ɗaya. Babu wanda ya taɓa tambayata addinina a can, lokacin salla in ya yi mukan tashi mu yi mu dawo. Ya yi shiru sannan ya ce to je ka, Allah Ya sa albarka, wanda ya ceci rai ɗaya kamar ya ceci mutane ne baki ɗaya.

Maganar kuɗi kuma in faɗa maka gaskiya tun yanzu, babu albashi. Wani lokaci in aka fita aikin ambaliya ko wayar da kai kan kwalara akan ba da ɗan na mota da na abinci, wani lokacin ko sisi, kai ne ma za ka sa mai a motonka. Duk wanda ya shigo da lissafin zai samu aiki a wata ƙungiyar ƙasashen waje wata uku ba ya kaiwa yake ɓacewa, kuma ɓacewarsa tana cutar da mu don an riga an sa shi a lissafin masu gadi.

A aji da faransanci ake yawan koyarwa, ana haɗawa da fulatanci, kar wannan ya hana ka, aikin na hannu ne. Abin da za su fara dasa maka a kai kalma uku ne kuma a jere suke, ka kare, ka kira, sannan ka taimaka. Ka kare yana nufin kanka da farko. In moto biyu sun yi karo a titi kafin ka durƙusa kan mai rauni ka sa wani ya tsayar da motoci daga nesa, in waya ce ta kuran, wato lantarki, ta kama mutum kar ka taɓa shi sai an kashe daga kwanter ko ka ture wayar da busasshen icce, don mun sha ganin wanda ya zo ceto ya zama gawa ta biyu.

Kira kuwa, nan ne nake so in tsaya sosai domin nan muke asara. Lambar pompiye 118 ce, 'yan sanda 117, jandarma 113. Ka sa su a wayarka yau, ka sa a ta matarka da ta yaron shago. In ka kira kar ka tsaya ihun wuta wuta, ka faɗi sunanka, unguwa, me ke ci, akwai mutum a ciki ko babu, akwai butel ɗin gaz ko jarkokin fetur a wurin. Layukanmu yawanci ba suna ba lamba, cewa "a Yelwa" ko "a Pumpumre" kawai bai isa ba, ka ba su alama da kowa ya sani, masallaci, famfo, makaranta, karfur, sannan ka tura yaro ɗaya a moto ya tsaya a babban titi ya jira jar mota ya shigo da ita. Kar ka kashe waya sai su suka ce ka kashe. Ranar gobarar layinmu wallahi motar ta iso bakin titi da wuri amma sai da ta ɓata lokaci mai yawa kafin ta kai ƙofar gidan, saboda 'yan kallo sun cika lungu, wani ya ajiye baro, wani ya jingine moto a tsakiyar hanya ya tafi ɗaukar bidiyo, kuma waɗannan ɗin su ne suka fi kowa ɗaga murya wai an makara. Buɗe hanya da mayar da mutane baya aiki ne cikakke, in shi kaɗai ka yi a ranar ka yi babban abu. Kuma don Allah iyaye a ja wa yara kunne kan kiran 118 da wasa.

Kafin su iso, mintocin nan na farko namu ne. Gobarar garin nan ai mun san iyayenta, zuwa-zuwa, wato fetur ɗin da ake sayarwa a bakin titi, da ake ajiyewa a kwalabe da jarkoki cikin ɗaki kusa da inda ake girki, wayoyin kuran da aka jona barkatai, maganin sauro mai hayaƙi kusa da katifa, garwashin jin ɗumi lokacin hunturu ga iska ga zana ta bushe ƙayau. Wutar fetur ba a zuba mata ruwa, man yana tasowa saman ruwan ya bi shi ya bazu, yashi ake zubawa ko ƙasa. Mai in ya kama a kasko ki kashe murhu ki rufe da murfi ki bar shi a rufe, ruwa kofi ɗaya ya isa ya watso miki wutar a fuska. In kun ji warin gaz kar a kunna ashana, kar a taɓa makunnin fitila ko kunnawa ko kashewa, a rufe kan butel a buɗe ƙofa da taga kowa ya fita. In hayaƙi ya cika ɗaki a fita da rarrafe don iskar kirki a ƙasa take, kuma hayaƙin nan ya fi harshen wutar kisa. Wanda ya fito ya fito, ba a komawa ɗauko akwati ko takardun fili. Wanda rigarsa ta kama kar ya yi gudu, a kwantar da shi a lulluɓe shi da bargo a mirgina shi.

Ƙuna kuma, jama'a ku yi wa Allah ku daina shafa man goge baki da ɗanyen ƙwai da manja da toka. Ruwa mai tsabta mai ɗan sanyi za a riƙa kwarara wa wurin har minti 20, ba ƙanƙara ba, a cire zobe ko awarwaro kafin wurin ya kumbura, rigar da ta manne da fata a bar ta, bororon kar a fasa, a rufe da tsumma mai tsabta a wuce lopital. Na taɓa raka wata yarinya 'yar shekara huɗu da kunu ya zube mata a ƙirji, kakarta ta riga ta shafe wurin da abubuwa don tausayi, sai da aka wanke duk wannan kafin a fara magani, kukan da ta yi a wankin nan har yau yana kunnena.

Sauran za ka koya da hannunka a kan mutum-mutumin roba, karatu a waya ba ya maye gurbin wannan. Jini in yana zuba a danne wurin da tsumma mai tsabta kar a ɗaga ana leƙawa. Wanda ya suma amma yana numfashi a kwantar da shi ta gefe, kar a ɗura masa ruwa a baki. Wanda ba ya numfashi a danna tsakiyar ƙirjinsa sau 30 a hura masa iska sau 2, da sauri kamar 100 zuwa 120 a minti, ana yi ba tsayawa. Ɗan moton da ya faɗi yana kukan wuya ko baya ba a cicciɓarsa mutum huɗu a cusa a bayan wani moton, a riƙe kansa a inda yake, hular kwanon ma a bar masa. Saran maciji ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure tamau, a hana ƙafar motsi a kai shi inda ke da allurar dafi.

'Yan'uwana mata, ku muka fi nema. Yawancin ƙuna a madafa take faruwa, kuma akwai gidajen da namiji ba zai faɗa kai tsaye ba sai an yi ta sallama ana neman maigida, akwai matar da gara ta daure da ciwonta da namiji ya buɗe mata jiki. Sekuris mace ɗaya a unguwa tana kaiwa inda mu goma ba ma kaiwa. Ki yi magana da maigidanki ko mahaifinki, in da hali ku je ofishin tare ya gani da idonsa, da hijabinki za ki yi aikinki.

Bayan ka karɓi takardarka kar ka naɗe ta a ƙasan akwati. Ka sa sunanka a gadi, ka je filin idi, ka je wasan ƙwallo, hannu in bai taɓa ba mantawa yake. Damina ma tana da nata, waɗanda suka ga 2012 da Binuwai ta cika aka saki ruwan madatsar Lagdo sun san abin da nake faɗa, haka mutanen Yagwa da Kusiri a 2022 da 2024, kuma bayan ruwa kwalara ke biyowa, nan ne ake bin gida gida ana koya wa mutane wanke hannu da haɗa ruwan gishiri da sukari, lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri.

A unguwa kuma ku haɗu ko ku biyar ne, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku fara gaida jauro ko mai unguwa da liman ku gaya musu niyyarku, in suka sanar a masallaci magana ta zauna. Ku buɗe gurup na WhatsApp na gaggawa kawai, ban da gaisuwar Juma'a da tallan kaya, ku san gidan da ke da rijiya ko tanki, wa ke da mota da dare, wane gida ke da tsoho ko gurgu da ba zai iya fita da kansa ba. Ku bi masu sayar da zuwa-zuwa da lalama kowa ya ajiye bokitin yashi kusa da teburinsa, sana'arsu ce da ita suke ci da iyali, faɗa ba zai sa su ji ba. Ku tara ɗan kuɗi ku sayi safar hannu ta roba da bandeji da almakashi da tocila ku sa a jaka ɗaya wadda kowa ya san inda take.

Akwai ranar da za ka yi duk abin da aka koya maka mutumin ya cika a hannunka. Ranar kar ka koma ɗaki kai kaɗai, ka nemi wanda ya riga ka shiga aikin ku zauna ka faɗa masa yadda abin ya faru, in barci ya ƙi zuwa kwana da kwanaki ka gaya wa shugaban kwamitinku ya cire ka daga gadi na ɗan lokaci. Hoton mai rauni ko na gawa kuma ba a ɗauka, ba a turawa gurup, abin da ka gani a cikin gidan mutane a can kake barinsa.