Kurakuran da masuncin gulbi ke yi idan ya je kamun sibas a kan nutsattsen jirgi

Basakkwacen da ya tashi yana jefa fatsa a Gulbin Rima, ko a madatsar ruwa ta Goronyo, ko a tafkin Kware, ba baƙo ba ne a harkar su. Sai dai idan karatu ko aiki ya kai shi gaɓar tekun Atlantika, ya biya kuɗi ya shiga jirgin masu kamun kifi, zai tarar cewa ɗabi'un da suka ciyar da shi a gida su ne za su fara cutarsa. Wannan ya fi fitowa fili a wajen kamun baƙin sibas, kifin da ke zaune a gaɓar gabashin Amurka tun daga Masacusets har Fulorida. Kifi ne da ba ya son fili. Mazauninsa duwatsu ne, da ɓaraguzan jiragen da suka nutse, da abubuwan da hukumomi suka nutsar da gangan, irin su tsofaffin taragun jirgin ƙasa na birnin Niyok da aka fara zubawa a gaɓar Dalawaya a 2001 domin kifaye su samu mafaka.

Abu na farko da hannun mutumin gulbi ke yi ba tare da ya yi shawara da shi ba shi ne wurga ƙugiya nesa. A kan nutsattsen jirgi babu amfanin haka, domin matuƙi ya riga ya duba na'urar da ke nuna ƙasan ruwa ya tsayar da jirginsa daidai saman ƙarfen, kuma kifin yana manne da ƙarfen ne, ba ya yin nisa da shi. Wanda ya yi jifa, ko dai dalmarsa, wato nauyin da ke nutsar da ƙugiya, ta sauka a kan rairayin da babu komai, ko kuma zarensa ya kwanta a karkace a kan ɓaraguzai ya maƙale. Gyaran shi ne a saki dalma ta gangara kai tsaye a gefen jirgi, da zarar an ji ta taɓa ƙasa a ɗauke sakin zaren, a riƙe shi a miƙe.

Zare ba zai tsaya a miƙe ba idan dalma ta yi sauƙi, kuma yawancin sababbin zuwa sukan raina ƙarfin ruwan teku. Gulbi hanya ɗaya yake bi, amma teku yana cika yana janyewa, yana sauya alkibla kusan kowace sa'a shida, kuma jansa ya fi tsanani a kwanakin tsayuwar wata da kuma wajen daren sha huɗu. Mutumin da ya saba lissafin wata bai kamata wannan ya zo masa a ba-zata ba. Ya tanadi dalma iri-iri, daga mai nauyin giram 100 zuwa 300, ya ƙara nauyi duk lokacin da ya ga zarensa ya fara karkata, tun kafin ya sarƙe da na maƙwabcinsa ya jawo wa kansa harara.

Kuskuren da ya fi kowanne tsada, a ganina, shi ne haƙurin da bai dace da wurin ba. An koya mana cewa idan babban kifi kamar giwan ruwa ya kama, a sassauta masa zare ya yi gudu har ya gaji, kuma wannan hikima ce a inda ruwa yake a buɗe. Sibas kuwa ba gudu yake yi ba, ɗakinsa yake komawa. Da ya ji ƙugiya a bakinsa sai ya juya ya kutsa cikin wata kafa ta ƙarfe da ba ta fi taku biyu da shi ba, ya buɗe ƙayoyin bayansa, zaren kuma ya gogi tsatsa da ɓawon ƙananan halittun da suka lulluɓe jirgin har ya tsinke. Saboda haka daƙiƙun farko su ne ke yanke hukunci. Cizonsa yakan zo ne kamar ƙwanƙwasa ƙofa, sau biyu ko uku a jere, sa'annan a ji sanda ta yi nauyi. A wannan lokacin ake ɗaga sanda a hankali amma da ƙarfi, a naɗe zare ba tsayawa har kifin ya rabu da ƙarfen da kamar mita biyar, daga nan ne mutum zai iya sassautawa. Fizga mai tsanani ba ta da amfani, takan yage bakin kifin ne kawai.

Yadda ake ɗaura kayan ma yana da nasa kuskuren. Wanda ya sa ƙugiya a can ƙarshen zare, dalma a samanta, ya miƙa wa ɓaraguzai ƙugiyarsa da hannu biyu. Masu wannan sana'a dalma suke sawa a ƙasa, ƙugiya biyu a samanta a kan gajerun rassa, kuma su ɗaure dalmar da zaren da bai kai sauran ƙarfi ba, ta yadda idan ta maƙale ita kaɗai za a rasa. Saƙaƙƙen zare na zamani yana da kyau domin siriri ne, ba ya miƙewa, yana isar da cizo daga zurfi, amma ba ya jure gugar ƙarfe, don haka sai an haɗa masa kamar mita biyu na zaren roba mai kauri a gaba. Idan kuma aka maƙale, kada a naɗe shi a hannu a ja, domin yana yanka fata kamar reza. A sassauta, a girgiza sanda kaɗan, in ya ƙi a naɗa shi a guntun itace a tsinke.

Game da ƙoto, tanar ƙasa ba ta da aiki a nan. Yankakken naman kifin tawada (wata halittar teku mai hannuwa da yawa da ke fesa baƙin ruwa) ko na katantanwar teku ake sawa, siriri kamar yatsa, a bar tsinin ƙugiya a waje. Idan aka ɗauki ɗan lokaci ba a ji motsi ba, galibi ƙananan kifaye sun riga sun cinye shi, mutum yana ta gadin ƙugiya tsirara.

Akwai kuma abin da masuncin gulbi bai taɓa gani ba. Kowace mita goma ta zurfi tana ƙara matsin ruwa daidai da na iskar da ke kanmu, don haka kifin da aka jawo daga mita 30 iskar da ke cikin jakar cikinsa takan nemi ninka girmanta sau huɗu. Zai iso sama ciki a kumbure, idanu a waje, wani jan abu ya toshe masa baki. Wannan jan abu tumbinsa ne, kuma masu huda shi da nufin taimako kashe kifin suke yi. Wanda za a saki, a mayar da shi ƙasa da na'urar da ke riƙe leɓensa tare da dalma, ta sake shi a zurfi. Sakin kuwa ba ganin dama ba ne, domin kowace jiha a Amurka tana da dokar tsawon kifi, da adadi, da lokacin kamu, kuma suna sauyawa, sai a tambayi matuƙi kafin a tashi. A Ingila, inda sibas wani jinsi ne daban mai launin azurfa, ba a ɗaukar wanda bai kai santimita 42 ba. Yawancin baƙin sibas mata ake haihuwarsu, sai sun girma wasu su rikiɗe su zama maza, saboda haka ƙananan da ake ganin ba su da daraja su ne masu ƙwai.

Wanda aka halatta a ɗauka, a riƙe shi da tsumma saboda ƙayoyin baya da kaifin murfin kunnensa, a sa shi cikin ƙanƙara nan take. Da an sauka, a wanke sanda da injin naɗe zare da ƙugiyoyi da ruwan famfo, a shanya su a inuwa, domin gishiri yana cin ƙarfe ko da an ajiye shi a cikin jaka.