Kurakuran da aka fi yi wajen rubuta tarihin Punjab a zamanin Turawa

Duk shekara sai ɗalibai sun kawo mini rubutu kan mulkin mallaka a Indiya, kuma duk wanda ya ɗauki Punjab, tun kafin in juya shafi na biyu na san ramin da zai faɗa. Ramukan ba sa sauyawa. Na gaji da jan layi da jan biro a gefen takarda, shi ya sa na ce bari in tara su wuri guda, wanda ya ji ya huta, ni ma in huta.

Na farkon laifin fina-finan Indiya ne. Mun tashi muna ganin mutumin Punjab da rawani da gemu yana tiƙar rawa a tsakiyar gona, sai yaro ya zauna ya rubuta cewa Punjab ƙasar mabiya addinin Sikh ce. A ƙidayar 1941 Musulmi sun haura rabin mutanen lardin, Hindu wajen uku cikin goma, 'yan Sikh kuwa ko kashi 15 cikin ɗari ba su cika ba. Abin da ke ruɗa mutane shi ne daular da Turawa suka tarar ta 'yan Sikh ce, wadda Maharaja Ranjit Singh ya kafa a Lahore, amma yawancin talakawansa Musulmi ne. Haka kuma jihar Punjab da ke Indiya yau ɗan yanki ce kawai. Lardin Turawa ya taso tun daga Delhi har Peshawar, sai a 1901 aka yanke yankin kan iyakar arewa maso yamma, kuma Lahore da Multan da Rawalpindi duk suna Pakistan yanzu. Ni abin da nake yi, ba na barin ɗalibi ya rubuta ko jimla ɗaya sai ya zana mini taswira da hannunsa, ya sa koguna biyar ɗin da sunan ya fito daga gare su: Jhelum, Chenab, Ravi, Beas da Sutlej. Wanda ya kasa wannan bai shirya ba.

Shekaru ma ana cakuɗa su. Ranjit Singh ya rasu a 1839, aka yi yaƙi biyu, na 1845 zuwa 1846 da na 1848 zuwa 1849, sannan Gwamna Janar Dalhousie ya haɗiye ƙasar a Maris na 1849. Kamfanin Gabashin Indiya ne ya ci ta, Sarauniyar Ingila ba ta karɓi mulki kai tsaye ba sai 1858.

Yanzu ga wanda ya taɓa kunyata ni, kuma har gobe in na tuna sai na ji zufa ta karyo mini. Ina karatun digiri na biyu, na tsaya gaban malamai ina gabatar da babi a kan kisan Jallianwala Bagh. Na yi bayani tiryan-tiryan: ranar 13 ga Afrilu 1919 ce, ranar bikin Baisakhi, jama'a sun taru a wani fili da gine-gine suka kewaye a Amritsar, mashigarsa 'yar siririya, ana nuna ƙin dokar Rowlatt da ta ba da damar tsare mutum ba shari'a. Aka buɗe musu wuta na kusan minti goma, harsashi 1,650, gwamnati ta ce mutum 379 suka mutu, jam'iyyar Congress ta ce sun kai dubu. Sai na rufe da gadara, na ce bayan shekara 21 Udham Singh ya bi janar ɗin da ya ba da umarnin harbi har Landan ya bindige shi. Wani dattijo daga cikin masu jarrabawar ya cire tabarau, ya goge shi da bakin riga, ya ce, "Malam, mutumin da ya mutu a kan gadonsa a 1927, ta yaya aka yi aka harbe shi a 1940?" Ɗakin ya yi tsit, can sai wani ya fashe da dariya daga baya. An mayar mini da babin, na yi asarar zango guda.

Mutum biyu ne, jama'a. Reginald Dyer shi ne hafsan sojan da ya tsaya a filin ya ce a harba. Michael O'Dwyer shi ne gwamnan Punjab daga 1913 zuwa 1919, shi ne ya aika wa Dyer saƙon cewa abin da ya yi daidai ne, kuma shi Udham Singh ya harbe a zauren Caxton ranar 13 ga Maris 1940. Ba saɓanin harufa kaɗai ba ne. Wanda ya haɗa su ya mayar da abin haukan soja ɗaya na rana ɗaya, ya wanke gwamnatin da ta matsa wa ƙauyuka lambar ba da samari lokacin yaƙin duniya na ɗaya, ta kafa dokar soja, ta sa jiragen sama suka jefa bama-bamai a Gujranwala washegari. Kuma ku daina rubuta cewa "sojojin Turawa" ne suka yi harbin. Masu riƙe da bindigogin sojojin rundunar Indiya ne, har da 'yan Gurkha, Baturen umarni ya bayar. Tun daga ranar nake da wata 'yar takarda manne a bangon teburina, sunayen biyu da shekarun mutuwarsu. Ta yi ja saboda tsufa, ban cire ta ba.

Wanda ya fi ƙona mini rai kuwa shi ne maganar magudanan ban ruwa. Ɗalibi zai karanta cewa daga 1885 zuwa 1947 ƙasar da ake shayarwa da ruwan magudanai ta tashi daga eka miliyan uku zuwa wajen miliyan 14, sai ya rubuta, "Turawa sun mayar da hamada aljanna," ya diga aya, ya miƙe yana jiran maki. Haba! Wa ya samu ƙasar? Wa aka kora? Wa ya biya? In ba ka yi waɗannan tambayoyin ba, talla ka rubuta wa gwamnatin mallaka, kuma ita da kanta ta fi ka iya rubuta tallar.

Tsandaurin da ke tsakanin kogunan yammacin Punjab, wanda suke kira "bar", ba kango ba ne. Akwai makiyaya a ciki da raƙumansu da shanunsu, waɗanda ake wa laƙabin "Jangli", wato mutanen daji. Gwamnati ta ce duk wannan fili nata ne, ta yanka shi murabba'i-murabba'i, kowanne eka 25 ko ɗan fiye, ta kafa matsugunai tara, mafi girma shi ne na Chenab da aka buɗe a 1892. Sannan ta zaɓo waɗanda za ta ba: manoman Jat da Arain da Kamboh daga gundumomin tsakiya masu cunkoso irin su Amritsar da Jalandhar da Hoshiarpur, da tsofaffin sojoji, da manyan masu ƙasa da suka tsaya mata a boren da Indiyawa suka yi wa Turawa a 1857. Wanda ba shi da gona tun asali, mai jima, mai shara, mai saƙa, ya je ne a matsayin ɗan ƙwadago. Ƙauyukan ma lamba aka ba su maimakon suna, har yau za ka ji mutum ya ce shi ɗan Chak lamba kaza ne. Birnin Lyallpur, Faisalabad na yanzu, an tsara shi da hasumiyar agogo a tsakiya, kasuwanni takwas suna fita daga gindinta kamar zanen tutar Birtaniya. A matsugunin Jhelum kuwa an ba wasu gona bisa sharaɗin su riƙe goɗiya tana haifa wa rundunar soja dawakai. Ka duba wannan sharaɗi da kyau, ka gaya mini don wa aka haƙa magudanar.

Ban ce ba a samu arziki ba. An samu, alkama da auduga suka riƙa gangarawa ta jirgin ƙasa zuwa tashar Karachi, kuma wasu iyalai sun tashi daga talauci. Amma manomi na biyan kuɗin ruwa da ake kira "abiana" ban da harajin ƙasa, kuma jami'i na iya cin sa tara saboda ya sare itace ko bai share ƙofar gida ba. Da gwamnati ta kawo dokar 1906 da za ta ƙara ɗaure su, ta sa hannu a rabon gadonsu, ta toshe musu hanyar kotu, ga ƙarin kuɗin ruwa, sai waɗannan 'yan lelen suka yi bore a 1907 da kirarin "Pagri Sambhal Jatta", wato manomi riƙe rawaninka kada ya faɗi. An kwashe jagororin boren, Ajit Singh da Lala Lajpat Rai, zuwa Mandalay a Bama, amma Gwamna Janar Minto ya ƙi sa wa dokar hannu. Dalilinsa a fili yake: 'ya'yan masu boren su ne sojojinsa. Lokacin yaƙin duniya na ɗaya kusan rabin mayaƙan rundunar Indiya daga Punjab aka ɗebo su. Ruwa da ƙasa da kakin soja igiya ɗaya ce, ni kuma ina tilasta wa ɗalibaina su rubuta su a babi ɗaya, ko da wani malamin zai ce a raba. Na sha jayayya a kan haka, ban sauya ba.

Daga nan sai dokar hana sayar da gonaki ta 1900, wadda kowa ke yaba wa cewa ta ceci talaka daga masu ba da bashi da ruwa. Rabin gaskiya ke nan. Manoma sun nutse a bashi, gonakinsu na tafiya jingina hannun 'yan kasuwar Khatri da Arora da Bania. Dokar ta raba mutane gida biyu, "ƙabilun noma" da waɗanda ba na noma ba, ta hana na biyun mallakar gonar na farkon. To bashin bai mutu ba, hannu ya sauya: babban mai ƙasa, wanda shi ɗan ƙabilar noma ne, shi ya koma mai ba da rancen, shi kuma dokar ba ta hana shi cinye gonar maƙwabcinsa ba. Ƙasƙantattun dangogi da ke yin aikin gonar da hannunsu ba a sa su a jerin ba, ƙofar sayen ƙasa ta rufe musu. Kada ka rubuta "manomi" kurum, faɗi wane manomi.

Akwai kuma masu ɗauko tsarin En'e na ƙasarmu su kifa wa Punjab. Gaskiya ne akwai masarautu irin Patiala da Bahawalpur da Kapurthala da aka bar wa sarakunansu, amma yawancin lardin Bature ne ke riƙe da gunduma kai tsaye, a ƙarƙashinsa akwai "zaildar" mai kula da tarin ƙauyuka da "lambardar" mai tara harajin ƙauye. In ka kira su hakimi da dagaci don mai karatu ya gane, to ka faɗa masa cewa babu sarki a samansu.

Ku bar karanta tarihin nan daga 1947 kuna komawa baya, kamar tun ranar da Dalhousie ya shigo kowa ke jiran a raba ƙasar gida biyu, Indiya da Pakistan. Jam'iyyar da ta riƙe Punjab ita ce Unionist, wadda Fazl-i-Husain, Musulmi, da Chhotu Ram, Hindu ɗan Jat, suka kafa a 1923, ta masu gonaki ce daga addinai uku, kuma dokar 1900 ce ta share mata fage. A zaɓen 1937 kujerun da Muslim League ta Jinnah ta ci a lardin ba su wuce biyu ba, Sikandar Hayat Khan na Unionist ya zama firimiya. A 1946 kuwa Muslim League ta lashe sama da 70 daga cikin kujeru 86 na Musulmi. Aikinka shi ne ka bayyana abin da ya faru cikin shekara taran nan: mutuwar Sikandar a 1942, tsadar yaƙi da tilasta sayar da hatsi, sojojin da aka sallama ba aiki, da shehunan ɗariƙu da manyan masu ƙasa da suka sauya sheƙa. Khizr Hayat Tiwana, wanda ya gaji Sikandar, ya yi ta lallaɓa gwamnatin haɗaka har ya sauka a farkon Maris na 1947.

Sauran ƙanana ne. Harshen ofis da kotu a lardin Urdu ne, ba Punjabi ba. Jam'iyyar Ghadar, ta masu neman korar Turawa daga Indiya, a Amurka aka kafa ta a 1913, ba a Lahore ba. Gwagwarmayar Akali ta 1920 zuwa 1925 kan karɓe wuraren ibadar Sikh ce daga hannun masu kula da su, ba neman ƙasa ba. Ɗan gwagwarmaya Bhagat Singh ba shi ya kashe O'Dwyer ba, an rataye shi tun 23 ga Maris 1931. Layin Radcliffe kuma, wato iyakar da aka ja tsakanin Indiya da Pakistan, ba ranar samun 'yanci aka bayyana shi ba, sai 17 ga Agusta 1947, bayan mutane sun yi biki ba su san ƙasar da garinsu ya faɗa ba. Layin ya bar mashigar ruwa ta Ferozepur da ta Madhopur a Indiya alhali gonakin da suke shayarwa da yawa na Pakistan, kuma a Afrilun 1948 Indiya ta rufe ruwan na wasu makonni. Wannan ma a taswirar da na ce ka zana za ka sa shi, da jan biro.