Kurakuran Masu Koyon Dira da Laima, Na Gaji da Maimaitawa

Tun da aka ji ina zuwa Dubai ina dirowa daga jirgi da laima, wata ba ya ƙarewa sai wani matashi a nan Jos ya turo mini hoto ta WhatsApp: "Yaya, duba wannan, gwanjo ce, ga araha." Kuma kusan kullum ƙaramar laima ce.

Da ita zan fara, don ita ta karya mini ƙafa. Lambar laima faɗinta ne a murabba'in ƙafa, kuma da nauyinka ake gwada ta. Ni da kayana kilo 95 ne, kusan fam 210, ke nan mai lamba 210 ce daidai da ni. Amma ina da dira 40 kacal na sayi mai 150 a hannun wani, don na ga manya suna sharo ƙasa da irinta kamar shaho ya hango ɗan tsako. Ƙaramar laima gudu gare ta, in ka juya ta kuma ƙasa take nufa. Na ƙara da wata wautar: a bakin teku na koya, sai na ɗauke ta zuwa wani fili kusa da Johannesburg, tudun da ya fi mita 1,200 na Jos tsawo. Iskar tudu ba ta da kauri, laima sai ta ƙara gudu. Da na ga zan zarce filin, na finciki igiyar hagu ina dab da ƙasa. Wata uku ina dogara sanda, Hajiyarmu kuwa duk wanda ya zo dubiya sai ta ce masa, "Ga tsuntsun nan."

Ku saurare ni da kyau. Mutane da yawa sun mutu laimarsu a buɗe lafiya lau, juyin ƙasa-ƙasan nan ne ya ci su. Ni yanzu in na sauko ƙasa da mita 100 ba na wani babban juyi, gara in sauka a gonar wani in tako da ƙafa. Wa kake so ka burge?

Sai na'urar da ke buɗe laimar ko-ta-kwana in ka suma ko ka shagala. Irin wadda ake kira Cypres, samfurin ƙwararru, tana aiki a kusan mita 225 idan har lokacin kana faɗowa da gudu. Daga inda aka kunna ta take fara lissafi, don haka a filin dira nake kunna tawa, ba a masauki ba, kuma bayan awa 14 kashe kanta take yi. Ita ko-ta-kwanar, dokar Amurka ta ce ƙwararre ya sake naɗe ta duk kwana 180. Mai sayarwa ya ƙi nuna maka katin da ake rubuta ranar naɗe ta? Riƙe kuɗinka.

Kamara a ka: ƙungiyar masu dira ta Amurka ta ce sai bayan dira 200, TikTok ya jira. Kada ka hau jirgi da mura, kunnenka zai gaya maka. Kada ka bar kaya a but ɗin mota, zafi na lalata robobin igiya, rana kuma na cin yadin. Ɗaurin ƙirji na kayan dira sau uku nake taɓa shi: a ƙasa, a cikin jirgi, da bakin ƙofa. Da hunturu kuwa kayana a jaka mai zif suke kwana, a saman wardirof.