Yadda Ake Kafa Ƙungiyar Rawar Gargajiya a Jami'a, a Kuma Mayar da Ita Aikin Bincike

Ɗalibin da yake son kafa ƙungiyar rawa, kuma ga kundin kammala digiri yana jiransa, zai iya haɗa biyun su zama aiki ɗaya. Amma a aji uku ake fara wannan shiri. Wanda ya bari sai aji huɗu, lokaci zai ƙure masa tun ƙungiyar ba ta tsaya da ƙafafunta ba.

Da farko a zaɓi rawa ɗaya tak. Masu cewa za su yi "raye-rayen Nijeriya" gaba ɗaya, su haɗa Swange ta Tibi da Atilogwu ta Ibo da Bata ta Yarbawa a zango guda, ba sa iya ko ɗaya yadda ya kamata. Rawar Koroso ta Kano misali ce mai kyau: biyu-biyu ake yin ta, da kacau-kacau ɗaure a ƙafa, ga tsalle da lanƙwasa jiki. Tana da wahala, amma masananta suna nan da ransu, ana iya zuwa a tambaye su. Idan 'yan ƙungiyar mata ne zalla, kiɗan shantu ko na ƙwarya ya fi sauƙin farawa, kayansa ma ba su da tsada.

Sai neman malami. A tuntuɓi wani a Sashen Hausa ko na Harsunan Nijeriya, ko Sashen Wasan Kwaikwayo inda akwai shi, kamar na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. A je masa da takarda mai shafi biyu da ta ƙunshi tambayar binciken, da rawar da aka zaɓa, da waɗanda za a yi hira da su, da jadawalin makonni. Tambayar ta kasance matsattsiya. "Tarihin rawa a ƙasar Hausa" ba ta rubutuwa a shekara ɗaya, amma "yadda makaɗi yake sanar da masu rawa canjin taku" tana rubutuwa. In malamin ya yarda ya duba aikin, a roƙe shi ya zama uban ƙungiya, domin Sashen Kula da Harkokin Ɗalibai yakan nemi sunan ma'aikacin jami'a kafin ya yi rajista. Akan kuma nemi tsarin mulkin ƙungiya da sunayen shugabanni da lambobin ɗalibtarsu. Ba rajista, ba a ba da ɗakin taro, kuma masu gadi suna da hurumin tarwatsa atisaye.

Inda aka fi yin kuskure shi ne makaɗi. Ɗalibai sukan fara da ɗinka anko, kuɗi su ƙare, a koma kunna kiɗa daga waya. Kiɗan waya ba ya kallon ƙafa. Makaɗi yana ganin mai rawa ya gaji ya sassauta, yana ganin ya ɗauki zafi ya ƙara masa, kuma da ganga yake ba da alamar juyawa ko tsayawa. Waɗanda suka koya da waya, ranar da aka haɗa su da makaɗi sai taku ya rikice. Don haka kuɗin farko na makaɗi ne. A nemi mai kalangu ko ganga a gari, in Koroso ce a ƙara da mai sarewa, a yi ciniki a fili kan kuɗin kowane zama da na mota. Hukumomin raya al'adu na jihohi suna da ƙungiyoyin rawa, kuma a Kano ana iya fara tambaya daga Gidan Ɗan Hausa. A shiga wurin waɗannan mutane da ladabin almajiri, a gaya musu tun farko cewa za a rubuta abin da suka faɗa, a nemi izini kafin ɗaukar murya ko bidiyo.

Mutum takwas zuwa goma sha biyu sun isa, kuma adadin ya rabu biyu daidai saboda jeri. Atisaye sau biyu a mako, minti 90 kowanne: 15 na ɗumama jiki, 45 na taku, 20 na haɗawa da kiɗa, sauran na miƙe jijiyoyi. Kada a yi tsalle a kan siminti, yana cin gwiwa da idon sawu. Fili mai ƙasa da aka share tsakuwarsa ya fi. Bayan la'asar ne lokacin da ya fi dacewa, a tashi kafin magariba, a kuma dakata makonni biyu kafin jarrabawa, in ba haka ba mutane za su gudu da kansu, ba kuma za su dawo ba.

Batun cakuɗa maza da mata a yanke shi tun zaman farko, a rubuta. Akwai makarantu da iyaye da ba za su lamunta ba, kuma jeri biyu dabam-dabam ba ya rage wa rawa kyau.

Bayan kowane atisaye, a daren nan a rubuta rabin shafi: kwanan wata, takun da aka koya, sunan da makaɗi ya kira shi da shi, inda aka kakare da abin da ya warware matsalar. A kafa waya a wuri ɗaya a ɗauki bidiyo da ke nuna jiki duka har ƙafa. Babin nazari daga waɗannan bayanai yake fitowa, wanda kuma ya bari sai ƙarshen zango zai tarar makonnin sun cakuɗe masa.

A sa ranar fita fili tun wuri, mako na goma ko na goma sha biyu. Makon Hausa na ƙungiyar ɗalibai ya dace, haka ma Ranar Hausa ta Duniya, 26 ga Agusta, idan ba ta faɗo cikin hutu ba. Minti bakwai masu tsafta sun wadatar. Kafin ranar, a zaɓi mataimaki daga aji biyu, a damƙa masa littafin kuɗi da kwafin bidiyoyi da lambar makaɗi, a kuma kai shi wurin uban ƙungiya su san juna.