In Za Ki Ciyar da Baƙo Ɗan Hindu

Ranar da maigidana ya fara kawo abokin aikinsa Ba'indiye gida, miyar taushe na yi da tantaƙwashi, na tsame naman tas daga kwanonsa, ni a dole na yi dabara. Bawan Allah ya dubi maiƙon da ke yawo a kan miyar, ya yi murmushi, ya tsaya ga kunun aya. Ashe ɗan Gujarat ne, jihar Indiya da ta yi suna wajen ƙin cin nama, ko ƙwai ba ya ci. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

To, 'yar'uwa, kafin ki ɗora tukunya, sa maigida ya tambaye shi dalla-dalla: nama fa? Kifi? Ƙwai? Albasa da tafarnuwa? Kada ki yi mamaki, wasu masu bautar Bishnu, ɗaya daga cikin manyan allolin Hindu, ko waɗannan biyun ba sa taɓawa.

Dalilin tambayar shi ne Hindu ba su da hukunci guda a kan nama. Suna da aƙidar ahimsa, wato kada a cutar da mai rai, kuma wanda ya riƙe ta da ƙarfi yana ganin cin nama laifi ne da zai bi shi har rayuwa ta gaba. Amma binciken cibiyar Pew ta Amurka na 2021 ya nuna kashi 44 cikin ɗari ne na Hindun Indiya suka ce ba sa cin nama. Sauran, akwai masu cin kaza da akuya. A Bengal, can gabashin Indiya, har Barahmanawa, jinsin malamansu, kifi abincinsu ne. Wani kuma yana ci amma ban da Talata, ko kwana tara na bikin Nabaratri, don haka ki duba ranar.

Naman shanu kam, ko ba ki tambaya ba, ki kawar da shi. Saniya uwa ce a wurinsu, jihohin Indiya da dama ma sun hana yanka ta. Kilishi ba tsarabarsa ba ce. Nono da man shanu kuwa, ki zuba ba fargaba, sun fi mu so.

In ya ce ba ya ci, ware masa tukunya da ludayi, kada romo ya ɗiga. Karanta bayan ɗunƙulen magi, wani da ɗanɗanon kaza yake. Daddawa ta wadatar. Kayan gwangwani ko leda da suka zo daga Indiya, nemi koren ɗigo a cikin murabba'i, alamar babu nama ke nan.

Zuwansa na biyu ɗanwake na yi, da man gyaɗa da yaji da tumatir, ban sa dafaffen ƙwai ba. Sau biyu ya ƙara, sannan ya tambayi sunan garin kukar da na kwaɓa da shi.