Kafin ka karɓi garka a Damagaram, fara auna ruwanta

Duk wanda ya ce mini zai kama garka, abin da nake fara tambayarsa shi ne: ina ruwan yake, kuma har wane wata yake kaiwa? Girman fili daga baya ne. A ƙasar Damagaram ruwan sama na shekara bai cika wuce milimita 400 zuwa 500 ba, daga Yuni zuwa Satumba, sauran watannin ko ɗigo babu. Garin Zinder kansa a kan dutse yake zaune, ba ko'ina ake haƙa rijiya a tarar da ruwa ba. Shi ya sa garake suka taru inda ruwa ke kusa: Mirya, Gidimuni, kwarin Korama wajen Matameye da Magarya, da bakin tafkuna. Tun bayan farin 1984, lokacin da gwamnatin Seyni Kountché, shugaban Nijar na wancan lokaci, ta matsa wa jama'a su rungumi noman rani, a irin waɗannan wurare sana'ar ta yi saiwa.

Idan da hali, ka je ganin filin da bazara, a Afrilu ko Mayu. A Satumba kowane fili kyakkyawa ne, tafki ya cika, rijiya ta tumbatsa, mai fili yana ta yabon abinsa. Bazara ce ke faɗin gaskiya. In ba za ka iya jira ba, nemi tsohon da ke da garka a maƙwabta, ka yi masa barka da aiki, ka zauna, kada ka yi gaggawa. Sai hira ta yi nisa ka ce, “Baba, rijiyar can gaba nawa ce? Takan kai Mayu kuwa?” Abin da zai gaya maka ya fi na dillali. Sannan ka gwada da kanka: a kwashe ruwan rijiyar da safe har guga ta fara ɗebo laka, ka komo da la'asar ka ga inda ya tsaya. Ka ɗanɗana ruwan kuma. In ka ji ɗanɗanon kanwa, ko ka ga fari-fari ya bushe a saman ƙasa, ka sani salati da karoti za su sha wuya a wurin. Wannan matsala sananniya ce a wasu fadamun Korama da Gidimuni.

Ga lissafin da sabon shiga ba ya yi. A lokacin sanyi, kowane murabba'in mita ɗaya na son ruwa kamar lita 6 zuwa 7 a yini. In zafi ya shigo, abin ya doshi 10. Ke nan shuka mai faɗin mita 10 da tsawon mita 10 za ta sha lita 600 zuwa 700 kullum, duro uku da ɗoriya. Da arozuwar, wato butar ban-ruwa, mai lita 10, ciki sittin ne ko saba'in, safe da yamma, ran Juma'a da ran salla duka. Mai aikin ofis ko ɗan kasuwa da zai zo bayan la'asar ba zai iya ba, ko da a mako na farko ya ga kamar zai iya. Shawarata, a shekarar farko kada ka wuce fangali goma, kowanne mita ɗaya a faɗi, biyar a tsawo. Sauran filin ka bar shi, ba gudu zai yi ba. Kuma kada ka yi saurin sayen motopompi: inji na iya zuƙe ƙaramar rijiya cikin ɗan lokaci, ga kuɗin mai, ga gyara. Ka san ƙarfin rijiyarka tukuna.

Sai maganar fili, wadda kunya ke hana mutane yi. Aro ne, haya ce, ko jingina? Shekara nawa? Da damina mai fili zai karɓi abinsa ya shuka hatsi, ko naka ne shekara cur? In ka yashe rijiya ko ka dasa mangwaro da lemo, na wa ne ranar rabuwa? An sha ganin mutum ya zuba taki shekara biyu, ƙasa ta yi baƙi ta yi kyau, sai mai fili ya ce ɗansa ya dawo daga tafiya yana son wurin. Ku yi magana gaban shaidu da mai gari, a rubuta. Tun dokar karkara ta 1993 akwai kwamitocin kula da filaye, waɗanda ake kira Cofo, da ke ba da takardar shaidar aro, haya ko saye. Ko da ɗan'uwanka ne uwa ɗaya uba ɗaya, takarda ba rashin yarda ba ce, domin magadansa ba su ji abin da kuka faɗa ba.

Shinge kafin iri. Akuya ɗaya ta isa ta share aikin wata guda kafin ka idar da sallar azahar. Giriyaji, wato shingen waya, ya fi, amma da tsada. Ƙaya ma tana yi in an cusa ta sosai daga ƙasa. Ta gefen arewa maso gabas, inda iskar hunturu ke bugowa, ka ƙara darnin kara, ka kuma jera lalle ko zogale a ciki, nan da shekara su zama katanga mai rai.

Ƙasa kuwa hannu ke gane ta. Ɗebi ɗan dunƙule, ka jiƙa, ka matse. In ya wargaje da ka buɗe hannu, jigawa ce: ruwa na wucewa da sauri, sai ka yi fangali mai zurfi kaɗan da kunya kewaye don ya riƙe ruwa, ka kuma yawaita taki. In ya mulmulu har ka iya murza shi kamar igiya, laka ce: ka ɗaga fangalin sama, ka rage ban-ruwa, in ba haka ba saiwa ta ruɓe. Kowacce ce, maganin ɗaya ne, takin dabbobi wanda ya ruɓe ya huce, kamar kilo 2 zuwa 3 a kowane murabba'in mita. Ɗanyen taki yana ƙone dashe, yana kawo ciyawa da gara. Ka haƙa rami a inuwa, ka zuba kashin dabbobi da busasshen ganye da toka kaɗan, kana yayyafa ruwa kana juyawa, cikin wata biyu ya yi. Sharar bola da ake kawowa a amalanke, ni dai ba na son ta, sai fa in za ka zauna ka tsince leda da kwalba da tsofaffin batura.

Kafin ka sa hauya, zana garkar a takarda. Rijiya ita ce cibiya. Wurin renon iri da masu ƙishirwa, salati da shu (kabeji), su zauna kusa da ita. Albasa da tonka a tsakiya. Zogale da rogo can nesa. Tsakanin fangali da fangali ka bar hanyar da mutum zai wuce da arozuwar biyu ba tare da ya taka shuka ba, kamar rabin mita. Faɗin mita ɗaya da na ce, dalilinsa shi ne hannunka ya kai tsakiya daga kowane gefe in kana cire ciyawa.

Aiki na farawa ne da janyewar damina, a Oktoba. Salati ya kamata ka fara da shi, don shi ke saurin mayar da kuɗi: kamar mako uku a reno, wata ɗaya da 'yan kwanaki bayan dashe. Irinsa ƙanana ne ƙwarai, sai ka cuɗa shi da busasshen rairayi, ka yi layi da yatsa ba mai zurfi ba, ka barbaɗa, ka rufe da ƙasa sama-sama, ka shimfiɗa busasshiyar ciyawa, ka ba da ruwa ta kanta. Ranar da ka ɗaga ciyawar ka ga koren tsiro ya leƙo, a ranar za ka cire ta. In ka bari, tsiron ya yi dogon wuya ya faɗi. Dashe da yamma ake yi, a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Tumatir na yin kwana 25 zuwa 30 a reno, a dasa shi da tazarar rabin mita. Albasa, musamman jar Galmi da kowa ya sani, takan yi kwana 40 zuwa 45 a reno, a cire ta wajen Maris ko Afrilu. Kuɗi ne mai kyau amma na mai haƙuri. Karoti ba ya son dashe, a wurinsa ake shuka shi, sai wata uku.

Kada ka shuka komai rana ɗaya. Fangali biyu na salati yau, biyu bayan kwana goma, haka har sanyi ya ƙare. Wanda ya taɓa shiga kasuwar Dole ranar Alhamis a Fabrairu ya ga yadda tumatir ke zubewa, kowa ya kawo lokaci ɗaya, masu sari suna taya yadda suka ga dama. In naka ya faɗa cikin wannan lokaci, yanka shi ka shanya kauɗa, ka sayar da damina. Ka kuma duba inda azumi zai faɗo a shekarar, don lokacin ne ake neman kayan ganye.

A takardar nan taka ka rubuta abin da ka sa a kowane fangali. Tumatir, tattasai, tonka, yalo da dankalin turawa dangi ɗaya ne, cutarsu ɗaya. In ka maimaita su a wuri ɗaya, za ka tumɓuke shuka ka ga saiwa ta yi ƙulli-ƙulli, alamar tsutsar ƙasa ke nan. Inda tumatir ya zauna bana, baɗi a sa albasa. Ƙwarin ganye kuwa, ka fara da ƴaƴan bedi: a daka, a jiƙa su kwana, a tace, a ɗiga ruwan sabulu, a fesa da yamma har ƙarƙashin ganye. Maganin da ake sayarwa a kwalba ba suna ba takarda, ka nisance shi, balle a kan salatin da za a ci ɗanye.

Daga tsakiyar Maris zafi zai kore salati da shu, ruwan rijiya ya ja baya. A nan sai ka tsuke garkar zuwa fangali uku ko huɗu na kusa da rijiya, ka sa kuɓewa, yakuwa da alayyafo, ka rufe gindinsu da ciyawa. Lokacin ne kuma na yashe rijiya, tunda ruwa ya yi ƙasa, da cika ramin taki don Oktoba mai zuwa.